Usur ɗin Madam Barira

Ni ce Tsahara gajera, wadda ke riƙon gora,
mai lamba sha biyu, gwanar zaman benci da jira.
An ce in yi magana yau da kike ajiye aiki,
na ce to, dama akwai abin da na daɗe da tara.

Na tuna filin lise kafin ya san siminti,
jar ƙasa ce da tsakuwa da kashin jar akuya.
Kin riga mu zuwa, tsintsiya biyu a hannu,
kika miƙo mini ɗaya, kika ce wasa daga nan ya fara,
wadda ke son jefa ƙwallo ta soma iya shara.

Kwandon, wani maƙeri a Sabon Gari ya lanƙwasa,
jikka biyu daga albashinki, ba ki faɗa wa kowa ba.
Raga da hannu kika saƙa, da igiyar buhun gujiya,
in ta tsinke ran Laraba, kafin Alhamis kin gyara.
Ƙwallo ɗaya gare mu, ta sha faci wurin mai kabu-kabu
har ya bar karɓar kuɗinki, ya ce ta zama ƴar gida,
a kawo ta ko sau goma a shekara.

Baban Zuwaira ya ce ɗiyarsa ba ta tsalle gaban jama'a.
Kika hau babur da la'asar, sai Bagalam,
kika zauna bisa tabarma, kin sha ruwa, kin gaida kowa,
sannan kika buɗe takarda: lissafi sha huɗu bisa ashirin,
bara shida ta samu. Tsoho ya sa tabarau ya ƙura.
Bai ce komi ba ranar. Amma da muka kara da Tawa,
ga shi can bayan waya, carbi na lilo a hannu,
ya manta da girma yana ta ƙwala kiran Zuwaira.

Wadda ta faɗi jarrabawa ba ta taɓa ƙwallo, dokarki ke nan.
Mun yi gunaguni, mun raɗa miki Damisa a ɓoye.
Ashe kin ji. Ba ki tanka ba,
zagaye biyar kawai kika ƙara.

Sai Yamai. Kwana muka yi a mota, ƙafafu sun kumbura,
guzurinmu ƙuli-ƙuli da dabino a ƙullin leda.
Saura sakan talatin, suna gabanmu da maki guda,
Habsu ta faɗi riƙe da idon sawu.
Kika juyo. Na waiga baya in ga wa kike kira.
Kika ce ke, ajiye gorar.
Ɗaga kai, duba wa ke kusa, kada ki yi wata dabara.

Ba ni na jefa ba, kowa ya sani.
Na dai ɗaga kai, na ga Ramatu doguwa, na tura.
Ƙarfen ya yi rawa, ragar ta haɗiye.
Mu muna ihu da kofi, ana ta guɗar nasara,
ke kina durƙushe gaban Habsu,
kin sayo ta dala biyar, kina danna mata ƙanƙara.

Yau Zuwaira ke koyar da lissafi a Tasawa,
Habsu na da shago, tana ɗingishi in damina ta fara.
Ni ungozoma ce a Madarunfa.
In haihuwa ta yi gardama, dare ya raba, wuta ta ɗauke,
hannuna na rawa, sai in ji ki kusa da kunne:
ɗaga kai, duba wa ke kusa, Tsahara.

Ga usur ɗinki, bakinsa ya guntule,
rataye da igiyar takalmi tun muna yara.
Sun ce a sa shi a gilashi ofishin darakta.
Ni na ce a'a, Madam Barira,
a ba wata gajera mai riƙon gora ta hura.